Sallama Ɗaya da Ta Fita Iska

Akwai wata Alhamis ta damina da har gobe ba ta bar raina ba. Lokacin ina injiniyan sauti a wani ƙaramin gidan rediyo a Kaura Namoda, ƙarƙashin shugaban shirye-shirye, Malam Sani, dattijon da ba ya rabuwa da 'yar rediyon batir a aljihu. Mu matasa har dariya muke yi masa a kan haka.

Ranar za mu yi hira kai tsaye da wani manomi daga yankin Zurmi, wanda 'yan bindiga suka hana ƙauyensu zuwa gona. Sharaɗinsa ɗaya ne: a sauya masa murya. Mutanen dajin ma suna jin rediyo, kuma sun san shi.

Kwamfutarmu Linux ce, kuma tsarin sauti biyu ne a cikinta, PulseAudio da JACK. PulseAudio ke karɓar kiran da ya shigo ta intanet, ya miƙa wa JACK ta wata gada. JACK ya bi da muryar ta manhajar da ke kaurara ta, sannan ta isa mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ta fita iska. Da safe na gwada sau uku, lafiya lau.

Saura minti goma a fara aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya tashi kwamfutar ta mutu. Na kunna, na duba allon JACK, na ga layukan duk a haɗe yadda na bar su. Sai na ɗaga wa Hadiza mai gabatarwa hannu, ban ko saurari muryar ba.

Ta ce, “Baƙonmu, salamu alaikum.”

Malam Sani na tsaye a bayana, rediyonsa a kunne. Daga cikinta na ji “Wa alaikumus salam” da siririyar muryar mutumin, tsaf yadda Allah ya yi ta.

“Muryatai ce wagga,” in ji Malam Sani a hankali. “Kashe layin.”

Na ja maɓallinsa ƙasa. Na san abin da ke biyo bayan sallama a wajen mutanenmu: doguwar gaisuwa, a tambayi gida da iyali. Da ya kai nan, an gama gane shi.

Hadiza ta kalle ni ta gilashi, ta fahimta. Sai ta juya gaisuwar kan masu sauraro. Ta gaida mutanen Badarawa, ta tambaye su ruwa, ta wuce Jangeru ta tambayi dabbobi, ta sauka Birnin Tsaba. Ban taɓa jin daɗin tsawon gaisuwarmu irin ranar ba.

Na sake bin layukan JACK, ba laifi ko ɗaya, amma babu sautin da ke shiga cikinsu. Sai na buɗe ɓangaren PulseAudio. Ashe da kwamfutar ta sake tashi, PulseAudio ya riga gadar farkawa, ya aika kiran kai tsaye zuwa katin sautin da ke haɗe da mikisa. Na mayar da kiran kan gadar, na sa abin kunne, na ce wa mutumin ya ƙirga zuwa biyar. Muryar ta fito da kauri kamar daga cikin randa. Aka yi hirar har ƙarshe.

Malam Sani bai yi mini faɗa ba, kuma da ma ya yi. Kwana tara wayar manomin ba ta shiga. Ran na goma ya kira da kansa.

“Mai ɗakina ta gane sallamar,” ya ce. “Ita ɗai ta, in Allah ya so. Amma kak ku sake kirana.”

Ba mu sake ba. Ku da kuka shigo aikin yanzu, allo yana nuna muku abin da kuka shirya ne kawai, abin da mutane ke ji yana can waje. Wannan rediyon da kuke gani a aljihuna kuna dariya, a wancan makon na saye ta.