Bencin Yaya da Auta

Kafinta yana da shekara arba'in da bakwai, da mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu. Ɗaya ce kawai take kwana a gidansa yanzu.

Shagonsa rumfar kwano ce a bayan tashar mota, inda garin katako yake kai wa mutum idon sawu. Yana yin ƙofofi da gadaje, amma benci ne aka fi saninsa da shi. Yawancin bencinan firamaren unguwar daga hannunsa suka fito.

Babbar 'yarsa, kowa Yaya yake ce mata, har shi da uwarta. Ƙaramar kuwa Auta. Shekara ɗaya da 'yan watanni ne tsakaninsu, a makaranta ma aji ɗaya ya raba su. Yaya doguwa ce, ga surutu ga dariya. Karatunta tsaka-tsaki ne, ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, ba ta kuma taɓa faɗuwa ba. Wurin zamanta bencin baya ne, jikin taga, ita da ƙawayenta. Auta kuwa a littattafan Yaya ta koyi karatu tun ba a sa ta makaranta ba. Tana aji biyu maƙwabta suke kawo mata takardar magani ta karanta musu.

Ƙarshen shekarar da Auta ta yi a aji biyu, hedimasta ya aika a kira kafinta.

"Yarinyar nan zaman banza take yi," in ji shi. "Ko aji uku muka kai ta, haka za ta yi. Mu sa ta a huɗu."

"Huɗu? Ai can yayarta za ta."

"To, shi ke nan ma. Ga mai kula da ita."

Kafinta ya koma gida da lemo a leda, bakinsa har kunne. Matarsa ta ji labari, ta yi murna, sannan ta ce, "Aji ɗaya fa ke nan, Baban Yaya." Ya ce ai abin da ya fi yi masa daɗi ke nan.

Ranar da aka koma hutu shi ya raka su. Ya leƙa ta taga, ya ga Auta a kan bencin 'yan aji huɗu, ƙafafunta suna reto, haɓarta da ƙyar ta wuce tebur. Ranar ko abincin kirki bai ci ba. Da yamma ya auna su duka biyun da tef, daga gwiwa zuwa ƙasa, daga ƙugu zuwa gwiwar hannu. Ya ajiye aikin ƙofar wani, ya zaɓi katako mai kyau, ya haɗa benci na mutum biyu haɗe da teburinsa. Ɓangaren Auta ya ɗaga shi, ya sa masa wurin ɗora ƙafa. Ɓangaren Yaya ya yanka shi daidai tsawon ƙafarta. Ya goge shi har ba inda zai kama riga, ya shafa masa man sheƙi, ya tura shi a baro zuwa makaranta.

A baya Auta ba za ta ga allo ba, don haka aka ajiye shi a gaban kowa, dab da teburin malami.

"Baba, ni a baya nake zama," in ji Yaya.

"A da ke nan," ya ce, yana share ƙurar hanya daga kan teburin da gefen rigarsa.

Sati bai zagayo ba yara suka raɗa wa bencin suna gaban mota. Auta ce Hajiya, Yaya direbanta. "Direba, ina Hajiya za ta yau?" "Direba, a hankali, kar ki zubar mana da ƙwaƙwalwa!" Waɗanda suke zaune a bayan Yaya suka yi ta ƙorafin ta tare musu allo, sai ta koyi ranƙwafawa. Malamin ajin ba mugu ba ne. Sai dai duk lokacin da Yaya ta kasa amsa tambaya, ba ya buƙatar duba nesa. "Auta, taimaki yayarki." Ƙawayen bencin baya suka sami wata ta cike gurbinta.

A shago ma haka. Idan yaran sun biyo bayan an tashi, masu kawo aiki sukan tambaya, "Wace ce mai ƙwaƙwalwar?" Yaya ce take nunawa da yatsa, sannan ta koma gefe ta zauna kan guntun katako.

Da sakamakon zangon farko ya fito, Auta ta zo ta ɗaya, Yaya tana kusa da ƙarshe. Kafinta bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ki riƙa tambayar ƙanwarki abin da ba ki gane ba." A zango na uku malamin ya lura Auta tana barin wasu tambayoyi ba amsa, masu sauƙi ma. Ya tambaye ta, ta ce mantawa ta yi. Duk da haka ita ta zo ta ɗaya.

Da aka yi babban hutu, Yaya ta tafi wurin Goggo, yayar kafinta, a wani gari mai tafiyar rabin yini a mota. Hutu ya ƙare ba ta dawo ba. Goggo ce ta kira.

"Ka bar min ita. Ta ce in na sa ta a mota, a hanya za ta sauka."

"Me aka yi mata? Ko yatsa ban taɓa ɗaga mata ba."

"Kai dai katako ka sani, tun kana yaro. Yarinya ta zo min kamar tsohuwa mai ciwon baya, sai na yi tsawa take miƙewa."

Goggo ta sa ta a aji biyar a makarantar kusa da gidanta. Bayan 'yan watanni kafinta ya je dubo ta. Ya same ta a aji lokacin hutun tara, a can baya, tana ba wasu 'yan mata labari suna ta dariya. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi Mama, ta tambayi Auta. Bencin da take kai ƙafarsa ɗaya tana rawa, ga kan ƙusa ya leƙo. Ya duƙa yana neman dutsen da zai buga ta.

"Baba, bar shi haka," ta ce.

Ya bar shi. A hanyar gidan Goggo ya tambaye ta yaushe za ta dawo gida. Ta ce, "In Auta ta gama."

Auta tana nan a aji biyar, har yanzu ita ce ta ɗaya. Ba ta da ƙawa a ajin, 'yan ajinta na da kuma sun saba ba ita. Uwarta ta ce ta daina karanta wa maƙwabta komai. In ta dawo makaranta ɗaki take shiga, ta kwanta a ɓangaren katifar da Yaya take kwana.

Watan jiya hedimasta ya sake kiran kafinta. Ya ce Auta ba ta buƙatar aji shida, ta rubuta jarrabawar shiga sakandare bana. Matarsa ta ce wataƙila mafita ce ta zo, in Auta ta bar firamare, Yaya ba ta da sauran hujja. Ya kira wayar Goggo, ya ce a ba shi Yaya.

"Yaya, an ce Auta ta tsallake shida, ta tafi sakandare."

Ta ce, "Allah ya ba ta sa'a."

"Kin ce in ta gama za ki dawo."

"Na ce."

"To?"

"Baba, in ta shiga bana, ni baɗi zan shiga. Can ma zan tarar da ita. Kuma a gabana."

Ya koma wurin hedimasta ya ce a bar yarinyar ta yi aji shida. Hedimasta ya ce zai ɓata mata shekara guda a banza. Ya ce ya sani. Da aka gaya wa Auta, wadda ta riga ta fara karatun jarrabawar, abu ɗaya ta tambaya: "Saboda Yaya?" Ya ce eh. Ta ce, "Ta ce za ta dawo?" Ya ce ba ta ce ba.

Jiya da hantsi ya rufe shago, ya hau mota zuwa ɗaya ƙarshen garin, inda akwai wata sakandare da ba wadda 'yan unguwarsu suke zuwa ba. Ya tambaya ko za su karɓi yarinyar da ta gama firamare a wani gari. Aka ce ya dawo ƙarshen shekara mai zuwa da sakamakonta. Ya yi godiya, ya hau mota ya koma shago. Bai kira Goggo ba tukuna.