Ƙwaryar Zoɓon da Ta Kori Inna

Jiya a tashar Babura wata mata mai talla ta miƙo mini gorar zoɓo mai sanyi, na ce ta kawar. Ba rowa ba ce. Ni dai wannan jan ruwa ba ya wuce maƙogwarona.

Ina ɗan shekara tara, bayan kaka, damin gero ya riƙa ɓacewa a rumbun gidanmu. Baba ya tafi cirani, gida yana hannun yayansa, Baffa. Mahaifiyata, Inna, sabulun salo take dafawa. Kullum hannunta cikin ruwan toka, har tafinta ya faffashe.

Baffa ya ɗauko wani tsoho mai duba daga wajen Roni. Tsohon ya jiƙa zoɓo a sabuwar ƙwarya, ja zir, ya tofa abin da ya tofa. Ya ce kowa ya tsoma hannu, na ɓarawo ne zai juya ruwan. Kowa ya tsoma, ja yana nan. Sai Baffa ya aika a kira Inna daga bakin tukunyar sabulu. Ta ce bari ta wanke hannu.

"Zo haka, ba ma da lokaci," in ji shi.

Ta tsoma. Ruwan ya dushe, ya koma kore-kore mai duhu. Kakata ta sa salati. Inna kallon hannunta kawai take yi, kamar ba nata ba. Kafin la'asar ta kama hanyar garinsu, Kanya Babba, da ƙullin kayanta. Ba ta sake kwana a gidan nan ba, kuma har ta rasu, a bayan ido ɓarauniya ake ce mata.

Aji uku na yi a sakandare a Kazaure, ban ƙarasa ba. Amma darasi ɗaya ya ishe ni. Malamin kimiyya ya shigo da zoɓo a kofin gilashi, ya ɗiga ruwan toka. Ga koren nan! Ya matsa lemon tsami, ja ya dawo. Ya ce abu mai tsami yana da wata 'yar ƙwaya da ido ba ya gani, firoton. Tsami bayarwa yake yi, toka da kanwa karɓewa suke. Idan aka ƙwace wa zoɓo tasa sai ya sauya launi, idan aka mayar masa sai ya dawo. 'Yan aji suna tafi, ni gumi nake.

Da aka yi hutu na haɗa komai a gaban Baffa, har da lemon.

"Baffa, ka duba wannan."

"To, ɗan boko, ka gama? Kwashe mini ƙazantar nan."

Bai leƙa ƙwaryar ba. Ka ji ni? Mutumin da bai san abin da zai faru ba, leƙawa yake yi. Tun ranar nake tambayar kaina: wa ya hana ta wanke hannu, kuma wa ke da hanyar rumbu da rana tsaka ba mai tambayarsa? Ba ni da shaida. Mai duban ya mutu, Baba ya mutu bai taɓa son a tayar da maganar ba.

Yanzu 'yata ta zo tana nuna mini wannan wasa a wayarta tana dariya, wai sihiri ne na yara. Baffa yana nan da ransa, ya makance. Ranar Juma'a nakan durƙusa in gaishe shi, ya sa mini albarka, in ce amin. A kasuwa ana sayar da lemon tsami uku-uku. Ranar da Inna ta tsoma hannu, da rabin guda ya isa ya dawo da jan.