Jami'in da Ya Cire Takalminsa

Na zo neman kyanwata a gidan ajiye dabbobi da ke wajen Jebel Ali a Dubai, sai ga jami'in hukumar birni, wani siririn dattijo mai furfura, ya zo duba wurin. Manaja na ta miƙa masa takardu, ko kallo bai yi ba. Takalmi yake cirewa, har da safa, ya taka simintin kejin karnuka da rana tsaka. Kejin kare fa, jama'a!

Na ce, "Baba, lafiya?"

Yana ɗaga wannan ƙafa, yana sauke waccan. Ko kiwo ya yi ba takalmi da ƙuruciya? Oho.

Ya dubi manaja: "Minti ɗaya na kasa, su wuni suke. Shi ke nan, a kafa rumfa yau ko in rufe wurin."