Wayar Gwaggo a Cikin Kwano

Ƙanshin hayaƙin karan gero ne ya tarbe ni da na sauka daga kabu-kabu a Tsibiri ran nan. Na zo ne saboda Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta yaye ni. Tun da mijinta ya rasu kusan kullum sai mun yi hira a waya, sai ga shi ta daina kirana, in na kira kuma ba ta ɗauka.

A lokacin ban daɗe da fara aiki a wani kamfanin waya a Maradi ba. Ɗakin aikinmu ba taga, sai sanyi da gunjin na'urori. Duk kiran da ya ratsa ta wurinmu na'ura tana rubuta shi: wace lamba ta kira wacce, yaushe, ya ɗauki tsawon wane lokaci. Aikina in tabbatar rubutun bai tsaya ba. Murya kam ba ta isowa gare mu. Nakan zauna ina kallon layukan suna gangarowa a allo kamar ruwan indararo, ina raya wa kaina cewa wannan gajeren gaisuwa ce, wancan dogon kuma biko ne.

A wani taron suna a unguwarmu ta Zariya, nan cikin Maradi, aka tambaye ni aikina, na ce ina wurin da ake rubuta kiran mutane. Kafin a watse, zancen ya zama wai ina sauraron kowa. Mai shagon bakin layinmu ya riƙa katse waya in ya hango ni. Wani alhaji maƙwabcinmu, mai fatauci zuwa Katsina, ya fara gaishe ni tun ban gaishe shi ba. Wannan duk dariya ya ba ni. Shirun Gwaggo ne ya tsaya mini a rai.

Na same ta tana tankaɗe. Ta yi murna da ganina, ta dama mini fura, ta tambayi mutanen gida. Amma da na ciro wayata don in duba lokaci, sai ta tsaya a tsakiyar magana har na mayar da ita jaka. Bayan la'asar wani abu ya soma ƙugi a gefen randa. Ashe tata wayar tana cikin kwano, an rufe da murfi, an ɗora faifai. Na ce ta ɗauka mana, ta ce masu tallan kamfani ne, ta ƙara ƙarfin tankaɗe. Nan na gane zancen sauraron nan ya iso har Tsibiri.

"Gwaggo, wallahi ba na jin maganar kowa. Lambobi kawai nake gani."

"To ai lambar ma tana da mai ita, ɗiyata. Kuma in ke ba ki ji, injin naku fa? Kurma ne?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata, har da cewa an hana mu binciken lambar kowa. Ta yi ta gyaɗa kai irin yadda ake yi wa yaro mai ba da labarin mafarki.

A hanyar komawa ni ma zargi ya kama ni. Ko ciwo take ɓoyewa? Ko wani ya ce mata ina kai zancenta wurin mahaifina? Lambarta na haddace, kuma na'urar tana gabana kowace safiya. Sau da yawa na ɗora yatsuna a kan madannai, sai in janye. In na duba, abin da take zargina da shi ya tabbata ke nan. Ban duba ba. Ita ma ba ta sake kirana ba. Mun ci gaba da ziyara da gaisuwa, amma hirarmu ta dā ba ta dawo ba.

Sai bayan shekaru, na riga na bar kamfanin, wata aminiyar Gwaggo ta gaya mini a wurin wani biki. Wani manomin rani ne daga Jiratawa yake neman auren Gwaggo a lokacin, yakan kira ta in ya taso daga lambu. Kunyar kada ɗiyar da ta goya ta ji ana zance da ita ce ta hana ta ɗauka. Ya yi ta kira har kaka ta wuce, sannan ya auri wata a garinsu.