Dokin Ƙofar Ummi

A unguwarmu, Harra ta Gabas a Madina, ƙasa duk baƙin dutse ce, ba ta shan ruwa. Sama sai ta yi wata da watanni tana kallonmu ba ko ɗigo, ranar da ta ga dama kuma ta sako shi gaba ɗaya, ya bi lunguna yana neman gidan da ya fi gangare. Gidan mahaifiyata bai taɓa ba shi wahalar nema ba.

Ni kuwa a ofishin ruwa nake aiki, ɓangaren ambaliya. Ummi ba ta taɓa gane aikina ba, ko kuma ta gane ta ƙi nunawa. Tun da ta ji ana tayar da jirgi ya barbaɗa wa gajimare wani irin gishiri don ya zubo da ruwa, ta ɗora min alhakin kowane hadari. Na yi bayani har bakina ya bushe cewa ba sashenmu ba ne, ni ko tayar jirgin ban taɓa gani ba.

"Duk ku ɗaya ne," in ji ta. "Wasu su tsokano shi a sama, wasu su zo ƙasa suna auna mana ƙofa."

Maganar awon ƙofa gaskiya ce. Wata shekara aka fito da tallafi ga gidajen da ke gangare, a ɗaga musu dokin ƙofa da siminti, in ruwa ya zo ya tarar da katanga ya yi gaba. Na tsaya a kan magina da kaina, har na ce su ƙara tsawo kaɗan, ai gidan uwar injiniya ne. Abu ya tashi har gwiwa, na yi ta ɗaukarsa hoto.

Gidan da ke kallon namu na wata tsohuwa ce da muke ce wa Hala, wato inna, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Iyayenta daga Damagaram suka zo hajji suka zauna, na Ummi daga Kano. Kullum bayan la'asar Hala za ta dogaro sandarta ta shigo shan shayi da na'ana'a, su yi ta musu a kan wace ce ta fi zuba sukari da 'yar wa ta auri ɗan wa. Tun rasuwar Baba, a wannan lokacin kaɗai nake jin dariyar Ummi.

Ranar da siminti ya bushe Hala ta zo, ta tsaya, ta dubi dokin ƙofar, ta dubi gwiwoyinta. Ta ce ma sha Allah, ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Daga ranar ba ta ƙara tako ƙofar ba.

Na kawo matakalar katako, ta ce ita ba za ta hau bene don kofin shayi ba. Na ce zan riƙa kama mata hannu, ta ce wallahi ba za a ciccibe ta a gaban 'yan lungu ba. Na ce wa Ummi to ke ki riƙa zuwa. Ta ce ita da nake tsallakar da ita ranar Juma'a kamar buhun shinkafa, ta gode. Suka koma gaisawa daga ƙofa zuwa ƙofa da ɗaga murya, sannan ta waya, sannan wayar ma ta yi sanyi. Ummi ta fara kwanciya bayan la'asar. Abin ya dame ni ƙwarai, amma na san abin da ruwa ke yi wa gidan nan, sai na ce a bari lokacin ruwa ya wuce tukuna.

Ruwan ya zo wata safiya. Rabin Madina ta fita ɗaukar hoto, ni ina ofis waya na ta ƙara. Kafin in iso lungunmu da wando a naɗe, ruwa ya kai ƙauri. Gidan Ummi ƙayau, ko tabarma ba ta jiƙe ba. Hala kuwa, da ta ƙi tallafin tun farko, na same ta a kan gado, ta rungume rediyonta da ledar magani, takalmanta suna yawo a ɗaki. Ni da wani maƙwabci muka ɗora ta a kujerar roba muka ratsa lungu da ita, ta rufe fuska da mayafi tana ja mana Allah ya isa ƙasa-ƙasa. Muka tsallake dokin ƙofa muka ajiye ta a falo.

Ummi ta dube ta sama da ƙasa. "Ashe kina nan da rai."

"Ɗanki ne ya kusa kashe ni," in ji Hala. "Ɗora shayi."

Gidanta ya bushe, aka shanya dardumai, aka yi fenti, Hala ba ta motsa ba. In an yi maganar komawa sai ta nuna ƙofa da sanda ta ce ƙafarta ba ta iya wannan. Ɗanta ya taso daga Yanbu da mota, ya ce ya gyara mata ɗaki a wurinsa, yana magana da Larabci tana amsa masa da Hausa. Ya ce zai ɗauke ta ya tsallakar. Ta ce sau ɗaya aka ɗauke ta a kafaɗa a gaban jama'a, na biyu sai ranar da za a kai ta makwanci. Ya kwana biyu ya koma shi kaɗai.

Ni dai na ga abin bai dace ba, tsohuwa a tsare a gidan mutane saboda simintina. Na samo dabara: a sare tsakiyar dokin ƙofar, a sa farantin ƙarfe da za a zura in hadari ya haɗo, a zare in ya wuce. Na zo da magini da gudumarsa, ina jin kaina.

Ummi ta tare mu a zaure. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da nuni da hannu. Daga falo ana jin Hala tana faɗa da rediyo.

"Ka taɓa shi ka gani," in ji Ummi.

Na ce haba Ummi, ba ke ce kika yi ta mita ba? Ta waiwaya falo, ta matso, ta rage murya.

"In ka sare shi, ba ta da sauran hujjar zama. Ni kuma ba zan iya buɗe baki in roƙe ta ba."

Na ba magini haƙuri, na raka shi bakin titi da gudumarsa.