Minti Arba'in, In Ji Mista Crewe

Shekara goma sha bakwai Salvu Zammit ya yi yana dakon mutum ɗaya. Ni Drago mai walda a gabana aka fara, a gabana aka ƙare, don haka ba labarin ƙanzon kurege zan ba ku ba.

Salvu ɗan Malta ne. Yana shekara shida ubansa ya kwaso su zuwa garin Fremantle ya kama aiki a tashar gyaran jiragen ruwa na yaƙi, shi ma yana gama makaranta ya bi sahu ya zama bakanike. Ɗan tsurut ne, in ya tsaya kusa da ni iyakarsa hammatata. Duk lungun da ya gagari ƙarti a cikin jirgi sai ka ji an ce, "Ina Ƙadangare?" Ya ajiye shayinsa ya shige. Ba ya shan giya, ba ya caca. Abin da ya mallaka a duniya matarsa Rozina ce, da tantabaru ashirin a bayan gida, da sa hannunsa. Sa hannun nan kuwa ba wasa ba ne a wurinmu. In bakanike ya gama aiki ya rattaba sunansa a takarda, a kan amanarsa jirgi zai fita teku da mutum ɗari da wani abu.

A jiragen da muke gyarawa akwai famfon da ke jawo ruwan teku yana sanyaya inji. Wanda ya zana jirgin ya cusa shi can ƙasa, bayan manyan bututu uku, a jikin bango. Duk wata shida sai an canza robar da ke hana shi yoyo, kuma noti takwas ke riƙe da murfinsa. Shida ana ganinsu. Biyun baya kuwa sai lalube: kai ƙasa, ƙafa sama, hannu ɗaya a miƙe, ɗaya a danne ƙarƙashin ƙirji. In famfon ne ya mutu gaba ɗaya, babu ƙofar da zai fita. Sai a jawo jirgin kan tudu, in yanka cikinsa, a fitar, in sake liƙewa. Akwai jirgin da na yanka sau tara a wuri ɗaya. Gwamnati na ta kukan gyara ya fi sayen jirgin tsada, mu kuwa muna cewa ku je ku tambayi mai zane.

Wata shekara, kwana huɗu bayan Salvu ya canza robar ya sa hannu, famfon ya yi yoyo a tsakiyar teku. Ruwa ya kai gwiwa a ɗakin inji, sai jawo jirgin aka yi. Ba wanda ya mutu, amma dole a sami mai laifi. Aka kafa kwamitin bincike. Kamfanin da ya zana jirgin ya turo injiniyansa, Alastair Crewe, wani dogo siriri ɗan tseren keke, wanda takalminsa bai taɓa taka baƙin mai ba. Ina zaune a bayan ɗakin lokacin da ya ce:

"Zanen ba shi da aibi. Aikin minti arba'in ne ga duk wanda ya san sufana. Ni kaina zan yi shi in an ba ni. Matsalar tana hannun da ya ɗaure notin."

Salvu ya miƙe ya ce, "Yallaɓai, ka taɓa shiga wurin?"

"Me zan shiga yi? Ni na zana shi."

Aka yi dariya. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai na ji raina ya ɓaci. Aka ƙwace wa Salvu ikon sa hannu, aka tura shi rumfar kafintoci yana share garin katako. Tsohonsa, wanda ya yi shekara talatin ba a taɓa dawo masa da aiki ba, ya daina zuwa kulob ɗin 'yan Malta don kada a tambaye shi. Shekara biyu bayan nan ya rasu. Muna fitowa daga maƙabarta Salvu ya riƙo hannun rigata.

"Drago, sai mutumin nan ya shiga ramin famfon."

"Haba mutumina, ka bar shi da Allah mana."

"Ai na bar shi da Allah. So nake dai ina wurin."

Kada ku ɗauka haƙuri ya yi irin na salihan bayi. Ina! Kullum sai ya yi zancen, har mutane suka riƙa sulalewa in ya doso wurin shan shayi. Rozina ta taɓa ce min tantabarun gidan ma sun haddace sunan Crewe. Sai dai yana mita yana koyon kafinta, har ya zama ba wanda ya kai shi iya bin zane a rumfar. Ni dai na riga na yanke cewa da baƙin cikinsa zai mutu.

Sai sojojin ruwa suka tashi sayen sababbin jirage, kuma wannan karon sun ji jiki. Suka ce kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, a gina ɗakin injin da katako, girmansa sak, a gwada kowane gyara da agogo a hannu, don kada a shekara arba'in ana biyan kuskuren rana ɗaya. Wata mace, Kwamanda Bronwyn Tait, ita aka ɗora a kan aikin. Kamfanin da ya samu zanen kuma shi ne dai na da, Crewe yanzu shi ne babba, har da furfura. To ina za a kai zane in ana son ginin katako, in ba rumfar kafintoci ba?

Salvu ya same ni ina cikin walda, yana haki.

"Drago, ajiye wutar nan ka zo ka ga ikon Allah!"

A sabon zanen ma famfon yana nan inda yake, bayan bututunsa uku. Ko gezau bai yi ba.

Mako biyar Salvu ya yi yana gina lungun nan shi kaɗai. Ya sa famfo na gaske da notuna na gaske, ya hana kowa matsowa. Hankalina bai kwanta ba. Na ja shi gefe na ce, "Ƙadangare, kada fa ka matse wurin. In aka kama ka da maguɗi, sunan naka ya tafi ke nan har abada." Ya yi min wani murmushi da ban so ba, ya ce in je in ji da waldata.

Ranar gwaji rumfar ta cika: hafsoshi, mutanen kamfani, mu 'yan tasha a jikin bango. Crewe yana zagayawa da Kwamanda yana zuba bayani. Da suka iso famfon ya kaɗa hannu ya ce, "Wannan aikin minti arba'in ne."

Salvu ya fito daga bayan katako, sufana a hannu ɗaya, tsohuwar takarda a ɗayan. Crewe ya dube shi bai ma gane shi ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

"Ranki ya daɗe," in ji Salvu, "ga wata 'yar takarda daga rahoton wani bincike, ki taimaka ki duba."

Ta karanta, ta ɗago. "Mista Crewe, an rubuta a nan cewa kai da kanka za ka iya. Har yanzu kana kan bakanka?"

Baki shi ke yanka wuya. Ga ma'aikatansa na kallo, ga hafsoshi na kallo. Ya tuɓe kwat, ya karɓi sufana, ya zura kai.

Noti shida na farko sun ci masa minti ashirin da biyar, har muna jin yana fito daga ciki. Daga nan fiton ya ɗauke. Minti arba'in ta wuce. Awa ɗaya ta wuce. Sufana ta suɓuce masa sau uku, ƙafafunsa na harbin iska kamar kazar da aka riƙe a kasuwa. Salvu kuwa ya kifa bokiti ya zauna, ya buɗe ƙunshin pastizzi, fanken 'yan Malta da Rozina ta toya masa, yana ci a hankali.

"Sannu da aiki, Yallaɓai. Lalubo dai, yana nan. Ai kai ka ajiye shi."

Na yi dariya har da hawaye, kuma ban ji kunya ba. A awa biyu da minti goma Crewe ya samu ya kwance na bakwai, sannan ya fara kiran a fitar da shi. Ni na jawo shi ta ƙafa, kuma ban yi a hankali ba. Ya fito fuska jawur, yatsu duk sun saɓule, yana numfashi da ƙyar.

"Maguɗi ne!" ya daka tsawa. "Wannan ba zanena ba ne, an matse wurin! A auna!"

Kwamanda ta ce a kawo abin awo. Na dubi Salvu, yana kaɗe ɓurɓushi daga wandonsa. Na ce a raina shi ke nan, ɗan banzan nan ya kashe kansa.

Wani hafsa ya shiga ya auna, ɗaya yana karanta zane. Tsakanin bututu da bango, zane ya ce santimita talatin da ɗaya. Katako ya ce talatin da huɗu. Aka auna wani wurin, nan ma ƙarin uku. Ko'ina ƙarin uku.

Kwamanda ta juyo wurin Salvu.

"Me ya sa ka faɗaɗa?" Kwamanda ta tambaya.

"Ranki ya daɗe, na san abin da zai faɗa. Sai na ƙara masa yatsu biyu kyauta. Ni da nake shiga na gasken, ko silin gashi ba a ƙara min ba."

A nan take ta ce famfon zai tashi daga wurin, a kuma yi masa ƙofa. Ta ƙara da cewa za ta rubuta a sake buɗe tsohon binciken. Crewe ya mayar da kwat ɗinsa, ya juyo wurin Salvu ya ce, "Mista... wa?"

"Zammit."

"Mista Zammit, laifin na zanen ne. Ba na hannunka ba ne."

Na ɗauka an gama, har na fara matsawa in rungumi Salvu. Sai na ji ya ce:

"Ranki ya daɗe, a ƙa'idar aikinmu ba a tafiya a bar famfo a buɗe. Wanda ya kwance, shi ke ɗaurewa."

Kwamanda ta dubi agogonta, ta dubi Crewe, sannan ta jawo kujera ta zauna. Salvu ya tsinci sufana daga ƙasa, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙa masa.

"Saura ɗaya na kwancewa, takwas na ɗaurewa, Yallaɓai. Tuɓe kwat ɗin, kada ta ɓaci."