Direban da Ya Mayar da Inna Gida

Jiya wata tsohuwar fijo ta wuce ni tana tari a bakin asibitin Gumel, sai na tuna da shi.

Tsohon direba ne, ya daina haya amma ya ƙi sakin sitiyari. Marasa lafiyan da aka sallama yake mayarwa ƙauyukansu, fisabilillahi. Motarsa kullum warin fetur da lemon tsami take yi, saboda masu tashin zuciya.

Ranar da aka sallami Innata bayan tiyata, ruwa ya cinye hanyar ƙauyenmu, can bayan Sule Tankarkar. Direban na shirin ɗaukar mu, sai babban ɗansa ya tare shi a ƙofar asibiti.

"Baba, ƙarfinka ya tafi. Ka bar wa 'yan acaɓa mana."

"Mai ɗinki a ciki za a ɗora a babur ina raye? Matsa!"

Da muka kafe a taɓo, ya naɗe riga, ya durƙusa yana cusa kara ƙarƙashin taya, gemunsa duk laka. Kafin la'asar Inna na shan kunu a ɗakinta.

Masu cewa wahalar banza ya sha, su zo su tambayi Inna, tana nan da ranta.

Allah Ya kai shi gida lafiya, yadda ya kai mu.